Ruwan lagireto da rigar Baba

Shekarar da motata ta fara shan ruwa ita ce shekarar da Baba ya ajiye limanci. Sama da shekara talatin yana jan salla a ƙaramin masallacin ƙofar gidanmu a Talata Mafara, ko zazzaɓi bai taɓa mai da shi sahu na biyu ba. Rana ɗaya ya ce wa na'ibinsa ya wuce gaba, wai gwiwa ke damunsa. Mutumin da ke zuwa gonar shinkafarsa a ƙasa ya dawo a ƙasa, shi ne mai ciwon gwiwa. Ya koma ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ana sallamewa ya sulale cikin gida. Abin ya dame ni ƙwarai, amma Baba ba a yi masa tambaya biyu, ni kuma mota ta sa ni a gaba.

Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ta gama ƙuruciyarta a ƙasar Turawa ta zo yin tsufa a hannuna. Babban aikinta shi ne duk Asabar in kai Baba Bakura ya gaida yayarsa, Gwaggo. Kujerar gaba tasa ce. Ko ba ya nan ba mai hawanta. Inna ma, mahaifiyata, in na buɗe mata gaba sai ta ce, "Wurin Malam na," ta zagaya baya.

Sai in cika lagireto taf a Mafara, kafin mu shiga Bakura allurar zafi ta miƙe. In jira injin ya huce, in buɗe murfi, in tarar wayam. Abin haushin, ko ɗigo babu a ƙasa. Na share ƙarƙashinta, na shimfiɗa kwali, na tsuguna ina gadi kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai. Kwali ya tashi a bushe.

Bakanikena mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ce murfin lagireto ne, muka sake. Ya ce tiyo ne, muka sake. Ya ce famfon ruwa ne, muka sake shi ma. Da aka kai nan ya rage murya ya ce gasket ta ƙone, ruwa na shiga injin. Ya zaro sandar baƙin mai yana neman ya ga ya yi fari kamar an zuba madara, mai ya fito baƙi ƙirin. Ya sa na taka wuta ya tsaya bayan salansa yana jiran farin hayaƙi, ba abin da ya samu sai tari. Daga nan muka koma maganin gargajiya. Ya fasa ɗanyen ƙwai a lagireto don ya toshe ɓoyayyen rami. Bayan mako ya zuba garin taba. Ranar da ya aika a sayo garin kuka na ce masa ya haɗa da daddawa da gishiri mu kira mutane su kawo tuwo. Bai yi dariya ba, ya ce in dai ba injin ba ne to baki ne, in je a yi mata rubutu.

Ana cikin haka Baba ya daina zuwa Bakura. Ya ce ba zai iya da motar da ake shayar da ita a hanya kamar jaki ba. Na ji haushi, na shiga ɗakin Inna ina ƙorafi. Ta bar ni na gama, sannan ta tura ƙofa.

"Kai dai mota ta ɗauke maka hankali," in ji ta. "Ba ka ga Malam shi ka wankin kayanai da kainai ba? Hitsari na ka kubce mai. Bai sanin lokacin, sai dai ya ga bakin riga da ƙahwar wando sun jiƙe. Ya ce wanda bai riƙe alwala bai tsayawa gaban mutane. Kak ka kuskura ka nuna ka sani."

Ta ce sau huɗu ko biyar abin ya same shi, amma tun daga na farko ya daina amincewa da jikinsa. Ya rage shan ruwa, ya koma jiƙe-jiƙen saiwoyi a ɓoye, asibiti kuwa ya ce ba zai je yaran da ya raɗa wa suna su tuɓe shi ba. Kunya ta hana ni tambayar yaushe ne kuma a ina. Na fito tausayinsa ya cika ni, ga shi ba halin in nuna.

Mako uku ba ta ga ƙanenta ba, Gwaggo ta aiko in zo in kai ta suna Maradun, daga can in wuce da ita Mafara ta ga abin da ya riƙe shi. Gwaggo ba ta san wata kujerar Malam ba, ita ta goya shi. Ta buɗe gaba ta zauna, ta tuɓe takalma ta miƙe ƙafa. Na jera galan uku na ruwa a but muka kama hanya.

Mun kusa Maradun ta yi tsalle har kanta ya bugi rufin mota.

"Kai! Tsaya! Motag ga taka ta yi mani hitsari!"

Na tsaya a gefen hanya. Bakin zaninta ya jiƙe, ruwa mai ɗumi, ja-ja saboda tsatsa, ga wani ɗan ƙarni, wataƙila albarkacin ƙwan bakanike. Na ce a hankali, "Gwaggo, ko dai..."

"Ko dai mi? Ni? Rufa mani baki! Duba can ƙarƙashi, ga shi nan yana ɗiga."

Na leƙa ƙasan dashbod. Ga shi kuwa, ɗis, ɗis, daidai inda bakin babbar riga ke sauka in mutum ya zauna. Na ɗaga tabarmar roba, kafet ɗin ƙasa ya sha ruwa har ya gaji. Nan na tuna duk ranar da muka isa Bakura Baba kan ce in yi gaba, zai ƙarasa lazimi a mota. Ashe goge wurin yake yi da hankici. Wata uku ina neman shaida, mahaifina na bina a baya yana share ta.

A Maradun aka nuna mini wani dattijon bakanike da ya yi aikin tarakta zamanin da ake noman rani da injina. Ko bonet bai buɗe ba, ya dubi zanen Gwaggo ya ce, "Hita ce." Ya yi mini bayani cewa a cikin dashbod akwai wani ƙaramin lagireto da ruwan zafi ke bi, Turawa na ɗumama mota da shi lokacin sanyi. Shi ya huje, kuma sai injin ya ɗau zafi a doguwar hanya yake zuba, shi ya sa kwalina bai ga komai ba. Na ce wa zai kunna abin ɗumama mota a Zamfara? Ya ce ai ba sai an kunna ba, ruwa na bi ta wurin. Ya cire tiyo biyu ya haɗa bakinsu da guntun bututu, kafin Gwaggo ta gama cin shinkafar suna an gama.

Duk hanyar Mafara ina neman yadda zan gaya wa Baba ba tare da ya gane na san sirrinsa ba. Ban samu ba. Gwaggo ta hutar da ni. Ta ƙi sake zani don kada shaida ta ɓace, muna shiga zaure ko gaisuwa ba ta gama ba ta miƙa masa bakin zanin.

"Dubi abin da motar ɗanka ta yi mani. Kai da ka shigarta kullum ba ta taɓa yi ma ba?"

Baba ya kama zanin ya ƙura wa tabon ido. Ya kai hanci. Sannan ya dubi Gwaggo.

"Da ɗumi yaz zubo?" ya tambaya.

"Da ɗumi mana, kamar na jinjiri."

"Kujerar gaba?"

"To ina kake so in zamna, but?"

Na faɗi zancen hita ina kallon ƙasa, na ja shi da tsawo, har da bututu. Da na ɗago na ga ya saki zanin. Sai ya miƙe ya rufe ni da faɗa irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Ya ce na sayo gwangwani ina kiransa mota, na wulaƙanta yayarsa a gaban mutanen Maradun, malamin makaranta guda ban san inda ruwa ke bi ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Inna na bayan ƙyaure tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Gwaggo ta ce ya isa haka, ai zani ne kawai.

Da aka kira Magariba na riga shi shiga masallaci. Na'ibi ya tashi zai wuce gaba, sai ga Baba ya ratso sahu da farar riga, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Gwiwa ta yi sauƙi." Ya kabbara. Muryarsa ta ɗan karye a farkon Fatiha, sannan ta daidaita. Ya ɗauko doguwar sura, irin wadda ba a ja da Magariba, tsofaffi suna sauya ƙafa, babu wanda ya yi ko gyaran murya. Ni ina sahu na biyu, hawaye na zuba a gaban rigata, ban goge ba.