Gwaggo Asabe da Zazzaɓin Mai Ƙaho

Duk cikinmu, mu 'ya'yan 'yan'uwanta, babu wanda ya taɓa gama gaida Gwaggo Asabe ba ta ɗora masa bayan hannunta a goshi ba. "Kai, jikinka da ɗumi!" Kafin ka ce lafiyarka ƙalau har ta miƙe ta nufi murhu, za ta dafa maka ganyen dogon yaro. Ku da kuka sha kun san ɗacinsa. Ita dai ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ko akuyarta ba ta tsira daga wannan gwajin ba. Akwai ranar da muka ɗauko keke-napep daga Yelwa za mu koma gidanta a Inkil, ta taɓa kujera ta ji zafin inji, ta ce wa mai keken, "Yaro, tsaya a inuwa abin nan ya huta." Ya ce ai haka yake kullum. Ta ce, "Kullum? To ashe ciwon ya daɗe!"

Da Rukayya ta bi mijinta Malesiya karatu, ni na kawo wa Gwaggo rauta, ɗan akwatin nan mai ba da intanet, don su riƙa ganin juna a waya. Rukayya ce 'yarta ta fari, saboda haka ko sunanta Gwaggo ba ta faɗa, sai "yarinyar nan". Ta kalli eriyoyin akwatin guda biyu ta raɗa masa suna Mai Ƙaho. Ta ce, "Ni ba don yarinyar nan na karɓa ba, don kada wahalarka ta tafi a banza ne." Amma duk Juma'a tun hantsi take sa sabon ɗankwali tana kai-kawo a tsakar gida.

Ba a jima ba ta kira ni. "Ɗanlami, zo maza, Mai Ƙaho ba lafiya. Muna cikin magana ya ɗauke."

Na je na tarar ta saka shi cikin kabet ɗin kwanukanta, ta rufe gilashi, ga zafin bazarar Bauchi. Wannan duk mai sauƙi ne. Da ta ji ya yi zafi sai ta naɗe shi da bargo!

"Gwaggo, me ya kawo bargo?"

"Zazzaɓi ne. In ya yi gumi zai sauka."

"Ai ba ya gumi, Gwaggo. Iska yake so."

"Kai ma haka ka ce kana yaro, na danne ka. Ga ka nan da ranka."

Wallahi da na zare bargon sai da na yarfe hannu. Na kashe shi ya huce, na yi mata bayani har bakina ya bushe. Ta ce ta gane. Washegari na dawo na same ta da tsumma da kwanon ruwa, tana shirin yi masa wankan tsumma. Na yi tsalle na ƙwace. Ta ce, "Ikon Allah! Ba a rufe shi, ba a jiƙa shi. Wannan wane irin ɗan gata ne?" Daga ƙarshe muka shirya a kan randa. Ta kife faifai a bakin randarta ta ɗora shi a kai, a lungun da iska ke ratsawa. Duk mai jin ƙishirwa a gidan sai ya nemi izini an ɗaga Mai Ƙaho.

Sai Rukayya ta haihu. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba, amma ranar suna ta tara matan unguwa kaf, wai su ne ke son ganin jaririya. Ita kuwa abin da ke ranta kowa ya sani, jikarta ta farko ce, kuma gani ya kori ji. Rana ta take, ɗakin ya cika da mata, kowace ta jona wayarta da intanet ɗin. Ana fara kira Mai Ƙaho ya ɗauki zafi ya yanke. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karɓe wayoyi tana zubawa a kwando. "Ku kun zo ganin jaririya ne ko kashe min majinyaci?"

Muka sake kira, ita kuma ta ɗauki mafici ta tsaya kan Mai Ƙaho tana fifita. Na ce ta ba ni ta je ta gani. Ta ce hannuna ba shi da albarkar jinya. Ta ruga ɗaki ta leƙa, ta ji muryar ta fara sarƙewa, ta rugo ta ci gaba da fifita, tana haki, ɗankwali ya zame. Da na ga za ta rasa duka, sai na kawo wayar bakin randa na riƙe mata a gaban fuska.

Rukayya ta ɗago jaririyar ta ce, "Inna, an yi miki takwara."

Maficin ya faɗi. Hoton ya tsaya cak, jaririyar ta buɗe ido ɗaya, baki a ɗan buɗe. Na kai hannu zan kashe in sake kira, Gwaggo ta riƙe ni.

"Bar ta haka. Da tana motsi ban ga hancin sosai ba." Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Rukayya ce sak."

Ranar na fara jin sunan a bakinta, kuma ban sake ji ba. Kafin su dawo gida, Allah ya karɓi ran Gwaggo, ba ta taɓa goya takwarar tata ba. Har yau in na tuna sai dariyar ta maƙale min.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da jikarta inda babu yankewa. Amin.