Jar Hular Sanyin Babana a Tsohon Filin Ƙwallo

Shekarun baya, lokacin da na fara jan keke mai ƙafa uku na haya a cikin Jos, in ka ce in je tsohon filin ƙwallon cikin gari kallon wasa, to ka zage ni. Ni ɗan gidan kallo ne, ƙwallon Turai kawai. 'Yan wasan da ba su san da zamana a duniya ba na haddace sunayensu tas, amma mai tsaron gidan ƙungiyar garinmu ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba. Abin da ke ɗaure min kai shi ne baƙi. Mutum zai taso tun daga Bauci ko Kaduna da 'ya'yansa, ya ce in kai shi filin nan. Su yi ta ɗaukar hoto a bakin ƙofa, su hau matakalar siminti duk ta tsattsage, suna hangen duwatsu suna shan iskar Jos. A raina sai in ce, to, Allah Ya ba ku lafiya.

Mahaifina tela ne, kuma a da shi ne mayen filin. Muna yara yakan ba mu labarin yadda masu haƙar kuza na Naraguta da na Bukuru suke buga ƙwallo ba takalmi, da yaran da suka taso a wurin har suka buga wa ƙasa. Amma tun da gari ya rikice muka koma Anguwan Rogo, kowa ya ja jiki zuwa inda nasa suke, bai ƙara taka filin ba. Ido ya yi rauni, ya ajiye ɗinki, ya koma zaman zaure. Ko a rediyo aka sako labarin ƙwallo, kashewa yake yi.

Wata rana na ɗauko wani baƙo mutumin Lafiya a bakin filin, ya fito daga kallo yana ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce, "Garin nan naku akwai abin kallo! Wani tsoho na gani a ɓangaren da ba rumfa, ya ajiye hular sanyi a gefensa ya hana kowa zama. Wai mai wurin ya je salla. An ce duk wasa haka yake yi, shekara da shekaru." Ya nuna min hoton a waya, ni ma na sha dariya, na ce ya tura min.

Da na koma gida ana cin tuwo, na kawo labarin don a yi nishaɗi. Mahaifiyata ta karɓi wayar ta ƙura ido, sai ta dafe ƙirji.

"Wallahi saƙata ce! Ja mai farin baki. Malam, ba cewa ka yi a mota ta faɗi ba?"

Baba ya tsame hannu daga tuwon. Sannan ya ba mu labari. Tsohon abokinsa ne, bakanike, Kirista ɗan asalin Filato. Suna da al'adarsu su biyu. Ran Lahadi Baba ke riga zuwa ya kama masa wuri, don shi sai an tashi coci. In an tafi hutun rabin lokaci kuma, Baba ya ajiye hular sanyinsa ya je la'asar, shi ya tsare masa. A wasansu na ƙarshe Baba yana salla aka tsuge da ruwan nan na Jos mai ƙanƙara, kowa ya watse. Baba ya ce a ransa zai karɓi hularsa a wasa na gaba. Kafin wasa na gaba gari ya kama da wuta.

Na ce, "Baba, ran Lahadi akwai wasa. Mu je mana."

Ya ce, "Da wane ido zan dube shi? Ban taɓa nemansa ba, ko a raye yake ko ya mutu."

Mahaifiyata ta ce, "Ai zumunta a ƙafa take, Malam. Mutum yana zaune a rana yana tsare maka wuri, kai kana zaure kana jin kunya? Ka tashi ka je, ko don ka karɓo min hulata."

Ran Lahadi ta goge masa babbar riga, na sa shi a keke. Tun daga bakin ƙofa na ga Baba ya canza. Ganguna na tashi, ƙamshin gasasshiyar masara da tsire ya cika wurin, mutumin da nake riƙe wa hannu a gida sai ga shi yana jana. Bai tambayi kowa ba, ƙafarsa ce ta kai mu wurin. Muka isa, wayam. Ba tsoho, ba hula.

Na ce shi ke nan, na fito da dattijo daga gida don in karya masa zuciya. Hoton nan ma ya kwana biyu, wa ya san abin da ya faru? Baba kuwa ya zauna, ya cire hular kansa ya ɗora a gefe. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina kai ba hula a cikin mutane ba.

Wani matashi ya zo ya ce, "Baba, ɗauke hularka in zauna."

Ya ce, "Da mai shi. Ya je coci."

Aka take wasa. Ni ban ga komai ba, idona na kan ƙofa. Matasa suna ta zuwa suna gunaguni, Baba yana korarsu kamar kaji. Ana dab da tafiya hutu sai ga wani tsoho dogo yana hawowa da sanda, jar hula a hannunsa. Ya zo ya tsaya cak. Ya dubi hular da ke kan siminti, ya dubi furfurar da ke gefenta. Sandar ta suɓuce masa.

Da Hausarsa ta Jos ya ce, "Tela! Wannan salla naka ya yi dogo fa!"

Baba ya ce, "Kai kuma, Oga, har yanzu ba ka daina makara ba?"

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Daidai nan ƙungiyarmu ta zura ƙwallo, fili ya kaure da ihu, su biyun ko waiwayowa ba su yi ba. Mutanen da suka daɗe suna yi wa tsohon kallon mai taɓin hankali suka miƙe suna tafi, wani yana ihu, "Mai wurin ya dawo!" Ni da nake ji da kaina ɗan birni, na zauna ina share majina da hannun riga a gaban jama'a.

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika ni, don a rayuwata ban yi wani ɗaukan fasinja da ya kai na ranar nan ba. Na gane abin da baƙin nan suke zuwa nema. A garin da aka raba unguwanni, akwai sauran wurin da mutum zai zauna kusa da wanda ya ga dama. Yanzu duk wasan gida ni ke ɗaukarsu su biyu, suna baya suna kushe tuƙina tun daga gida har fili. Gidan kallo kuwa na manta rabon da in leƙa.

Hular dai mahaifiyata ba ta same ta ba. Duk lokacin da ta aika a karɓo, sai tsohon ya ce a gaya wa Mama ta yi haƙuri, tana bakin aiki, don har gobe Tela yana tashi la'asar.