Baba Meshak da Akwatin da Ya Yi Gurnani

Kafin jirgin safe ya yi kuka a tasha, Baba Meshak ya riga ya buɗe shagonsa. Shago ne na kwano a bayan layin dogo. Ƙofar gaba kwaɗo gare ta, ta baya kuwa sakata ce kawai, ta nan matan unguwa ke shiga su ɗebi dusar katako don hura wuta. Baba ba ya gaisawa da kowa sai ya fara duba wata ƙusa a bango, inda yake rataye filogin injinsa na huda katako. In ya gan shi yana lilo a wurinsa, sai ya cire hula ya yi addu'a, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, sannan ya juyo ya ce, "To, ina kwana?"

Yana yin benci da gado da ƙofa, makarar masallacin bakin kasuwa ma aikinsa ce, amma akwatin gawa aka fi saninsa da shi a Kafanchan. Kullum ba a rasa biyu ko uku a jingine can cikin shagon, a tsaye, kamar masu jiran a kira sunansu. Shi ya sa mutane da yawa kan tsallaka titi in sun zo wucewa.

Watan jiya ya ajiye aiki saboda idanu, bayan shekara arba'in da ɗaya. Ni ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba sai aikin makaranta, in na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Duk kayan shagon nan babu wanda Baba yake ji da shi kamar wani guntun katakon maɗaci da bai fi tafin hannu ba. Shi ya sassaƙa shi, ya huda masa rami a karkace, ya zura bututun ƙarfe a ciki. Ɗan jagora yake ce masa. In ya matse shi a jikin katako, bakin injin sai ya bi bututun ya shiga a kishingiɗe, ba ya zamewa, sukuru kuma ya ɓuya a ciki yadda ido ba zai gan shi ba. Ya ce ranar da aka binne mahaifiyarsa a Kagoro, ƙarar gudumar da aka rufe akwatinta da ita ta bi shi har shekara. Tun daga nan ya yi alkawari ba za a ƙara buga ƙusa a kan gawar kowa daga hannunsa ba. Akwatin Baba Meshak a shiru ake rufe shi.

Dokokinsa duk unguwa ta haddace su. Ba a riƙe katako da hannu ana hudawa, sai an matse shi da ƙarfe. Tabarau a ido, hannu biyu a kan inji, babu riga mai lilo ko bakin ɗankwali kusa. Babbarsu kuwa: za ka canja bakin inji, zare waya, za ka fita, zare waya, an ɗauke wuta, zare waya. Har makarantar koyon sana'a ake gayyatarsa ya faɗa wa ɗalibai haka. Abokinsa Alhaji Salihu mai katako ya sa masa suna Baba Zare-waya, sunan ya bi shi, shi kuma yana alfahari da shi.

A watan Agusta na 1989 Eli ya rasu. Eli maƙwabcinsa ne, ma'aikacin reluwe, ciwon asma ya daɗe yana fama da shi. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya kwana da taga a rufe, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce a buɗe masa taga. Ya bar mata, Emilia, da yara mata biyu. Emilia ita ta haife ni. Zan kira ta da sunanta a nan, ta ce ta yafe.

Tun kafin a kai gawa ɗakin ajiya na asibiti ƙananan maganganu suka fara. Emilia baƙuwa ce daga wajen Kachia, kuma ba ta yi kuka ba. Gilbert, wan mamacin, ya zo daga ƙauye da dangi, idonsa jajir, ya ce bayan jana'iza za a zauna a ga ko matar za ta ci gaba da zama a gidan da yaranta, ko a sallame ta ita kaɗai.

Ana gobe biso, Baba ya gama akwatin da hantsi. Wuta ta ɗauke, ya zare waya ya rataye, ya kifa murfin a kan akwatin bai ɗaure ba, ya kulle shago, suka tafi kasuwa da Alhaji Salihu sayen farin ƙyallen da za a shimfiɗa a ciki.

Wajen ƙarfe biyu suka dawo. Hadari ya haɗu ya tsaya cak, ba iska, ba ɗigo, gari ya yi duhun da kaji ke rikicewa. Daga nesa Baba ya hango mutane cike da ƙofar shagonsa, amma babu mai magana. Da ya matso sai ya ji abin da ya rufe musu baki. Daga cikin shagon da kwaɗonsa ke kulle, wani abu yana gurnani a shaƙe, yana bugun katako daga ciki. Ya buga, ya buga, ya lafa, ya sake tashi. Ta tsagar kwano wasu sun leƙa sun ga murfin akwatin yana rawa.

"Baba, ka ji da kunnenka ba?" in ji Gilbert. "Ƙanena ne. Ya ƙi akwatin nan. Yana da magana a bakinsa."

"Gawa yana asibiti, Gilbert."

"Shi ne ai! Gawa yana can, akwati yana kuka a nan. Wane ne ya kashe shi?"

Wata tsohuwa cikin dangi ta ce, "Ku tambayi wanda bai yi kuka ba." Idanu suka koma kan Emilia. Tana tsaye a bakin kwata cikin baƙin zane, mutane sun janye sun bar fili kewaye da ita.

Alhaji Salihu ya kama hannun Baba. "Meshak, kada ka shiga. Bari a kira fasto, ni ma in yi nawa daga nan."

Baba ya zare hannunsa ya buɗe kwaɗo. Ƙarar ta fito ta daki mutane, wasu mata suka zube. Bai nufi akwatin ba. Bango ya nufa, domin idonsa ya riga ya je kan ƙusa, ƙusa kuwa babu komai. Filogin yana cikin soket. Ya zare shi. Gurnanin ya mutu a hankali, kamar numfashin da ke ƙarewa.

Ya ɗaga murfin. Injinsa ne kwance a ciki, da zafi, bakinsa ya yagi gefen katako. A jikin injin akwai ɗan maɓalli wanda in aka danna shi injin kan zauna a kunne ko ba hannu a kansa, kuma a danne yake. Wani ya jona waya lokacin da babu wuta, ya matsa, bai ji komai ba, ya ajiye ya rufe. Da aka kawo wuta, inji ya tashi shi kaɗai.

Baba ya san ba shi ba ne. A nan ya lura da kujera 'yar tsugunno da aka jawo ƙarƙashin soket, irin yadda gajeren mutum zai yi. Ya ga sakatar baya a zare. A bayan ƙofar kuma ga daro mai shuɗin baki, wanda shekara goma yana ganinsa a kan Emilia in ta zo ɗibar dusa. Gilbert ya riga ya sa ƙafa a cikin shagon. Baba ya tura daron ƙarƙashin teburin aiki da diddige, ya tsaya a gabansa.

"Ni ne," ya ce.

"Kai ne me?"

"Ni na bar shi a jone. Wuta ya tafi ina cikin aiki, na ajiye a ciki, na manta. Ba Eli ba ne, tsufa ne."

Alhaji Salihu ya buɗe baki, don a gabansa aka rataye filogin nan da safe. Suka haɗa ido. Alhaji ya rufe bakinsa, ya shafa gemu.

"Ƙarya ne," in ji Gilbert. "Duk Kafanchan an san ka. Kai ba ka mantuwa."

"To tsaya ka gani. Kowa ya ja baya."

Ya sa Alhaji ya kashe babban makunnin shagon. Ya mayar da inji cikin akwati yadda ya same shi, ya jona, ya kifa murfi, ya ja da baya har bakin ƙofa. "Alhaji, kawo wuta." Akwati ya ɗauki gurnani, murfi ya hau rawa. "Ɗauke." Ya yi tsit. Sau uku suka yi haka. A na uku wani ya fashe da dariya, sai dariyar ta bazu.

"Baba Zare-waya bai zare ba!"

"Ashe fatalwar ma sai an kawo mata wuta!"

Alhaji Salihu, Allah ya saka masa, shi ya fi kowa ɗaga murya. "Shekara nawa kana mana wa'azi, tsoho? Yau ga limami ya manta alwala!" Gilbert ya zauna a kan benci ya rufe fuska yana kuka. Sannan ruwan ya sauko, kowa ya watse.

Bayan an ɗauke ruwa, da la'asar, Baba ya aika a kira Emilia ta zo ta ɗauki daronta. Ta shigo ta baya, ta durƙusa.

"'Yata, me kika zo nema a cikin akwati?"

"Baba, ba taga," ta ce. "Za a rufe shi ba taga. Ƙaramin rami kawai na so in yi masa. In na roƙa za su ce na haukace, ko wani abu nake so in saka."

"Da wuta ya zo yana hannunki fa, da zanen nan naki? Da akwati biyu zan yi." Ya ɗauko tabarau. "Tashi. Ɗaure ɗankwalinki ta baya, tura bakinsa ciki."

Ya sa mata tabarau. Ya matse ɗan jagora a ƙarƙashin leɓen akwatin, wajen kai, ya juya shi yadda ramin zai kalli ƙasa, ƙasa ba za ta zuba ciki ba, ido kuma ba zai gani ba. Ya ɗora hannayenta biyu a kan injin, ya dafa nasa a kai. Bakin ya bi bututu ya shige sumul. Ya zare waya, ya hure dusar, ya ce ta kawo kuncinta. Ya hura daga ɗaya gefen. Da iskar ta taɓa ta, sai kukan kwana uku ya zo gaba ɗaya, har maƙwabta suka ji.

Washegari aka rufe Eli a shiru. Zaman dangi bai kai rabin awa ba, don babu wanda ya so ya sake ta da maganar da gari ke wa dariya. Muka zauna a gidanmu da uwarmu.

Kai ne ka biya, Baba. Makarantar sana'a ba ta ƙara gayyatarka ba. Shekara bakwai, ko keke ka hau sai an ɗaga murya daga shaguna, "Baba, ka zare?" Kai kuma ka ɗaga hannu ka ce, "Na zare, na gode." Sunan da ka tara tun kana saurayi ka shimfiɗa shi a ƙasa domin wata gwauruwa ta taka ta wuce da yaranta. Kafinta mai rufe akwati ba guduma, ashe haka kake rufe asiri.

Ba mu san komai ba sai watan jiya, ranar da aka yi masa addu'ar ajiye aiki a coci. Emilia ta miƙe daga cikin zumuntar mata ta faɗi duka, da Baba Gilbert zaune a layi na biyu. Coci ya yi shiru irin na ranar nan. Daga baya Baba Gilbert ya tashi, ya je ya durƙusa gabanta. Alhaji Salihu, da ke zaune a inuwar mangwaro a waje yana jiran abokinsa, da aka ba shi labari cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, na huta. Shekara bakwai ina tsokanar mutum a kan abin da na san bai yi ba."

Yanzu Emilia ke riƙe da shagon. Shi ya koya mata, tun daga ranar daro. Har yau in aka kawo wuta da rana, unguwarmu kan yi ɗan tsit, kamar kowa yana kasa kunne wajen layin dogo.

Mun gode, Baba Meshak. Ubangiji ya ƙara maka kwanaki, ya haskaka idanunka. Ku masu sana'a, ku matse katako, ku ɗaure rigunanku, ku zare waya. Mu sauran kuma, in muka shiga ɗaki muka ga daron wani a inda zai jawo masa hallaka, mu tuna akwai wanda ya taɓa tsayawa a gabansa.

Can cikin shagon akwai akwati ɗaya da ba na sayarwa ba ne. Nasa ne, da hannunsa ya yi shi kafin idanu su tafi. A ƙarƙashin leɓensa, wajen kai, ya yi 'yar alama da fensir. Jiya ya lalubo wurin da yatsa ya nuna wa Emilia.

"Nan za ki huda mini," ya ce. "Amma ba yanzu ba. Kuma in kin gama..."

"Na sani, Baba," ta ce.

Duk da haka sai da ya kai hannu bango, ya taɓa filogin a kan ƙusarsa, sannan ya yarda muka kama hannunsa muka kai shi gida.