Man Gyaɗa a Cikin Rakoda

Shekarar da Inna ta kwanta ciwo a ƙauyenmu na gefen Kafur, abu ɗaya take roƙo: a sa mata kaset ɗin Baba. Ni na ɗauki muryarsa wata Kirsimeti kafin ya rasu, yana rera waƙar coci, yana tari, yana yi wa kaji tsawa. Ba ta rage a ko'ina ba sai nan.

Na zo daga Kaduna, inda nake aikin rediyo, na tarar ta daina cin abinci. Na saka kaset a rakoda, na danna. Injin yana gurnani, kaset ko motsi ba ya yi. Na sake batir. Na fitar, na hura, na mayar. Kamar ba a sa mata komai a ciki ba.

"Ai na gyara ta," in ji Kawu, ƙanen Inna, daga bakin ƙofa. "Ƙara take yi, na ɗiga mata man gyaɗa."

"Man gyaɗa, Kawu?"

"Da me nake yi wa kekena? Ko taka 'yar birni ce, sai man shanu?"

Na kwance bayan rakodar da tsinin wuƙa. Robar da ke juya kaset ta sha mai, ta saki, tana manne wa yatsa kamar ƙaro. Na hau motar Malumfashi. Mai gyara ya duba ya ce babu irinta, in gwada Funtua. A Funtua aka ce sai an aiko daga Kano, mako mai zuwa. Na tsaya a tasha, motocin auduga suna wucewa, robar tana tafin hannuna. Na san Inna ba za ta kai mako ba.

Da na dawo, Kawu ya zare tiyub ɗin kekensa ya miƙo mini. Na goge man da tsumma da sabulu, na yanka zobe siriri daga tiyub ɗin da reza, na sa a madadin robar. Ya tsinke. Na yanka wani, ya matse injin ya tsaya cak. Na gaba ya juya, amma da ƙyar.

Muryar Baba ta fito tana ja, kamar daga ƙasan rijiya.

Inna ta juya fuska ga bango. "Wannan ba shi ba ne."

Na ɗora yatsa a kan faifan ƙarfen da robar ke ja, ina taya shi juyawa, ina ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har tarin ya zama tarinsa.

"Tsaya a nan," ta ce.

Yatsana ya yi sanyi, ban ɗauke ba. In na sassauta, sai Baba ya koma baƙo. Kawu ya kawo koko, ta bari ya ɗaga kanta, ta kurɓa.

Da kaset ya ƙare, ba ta buɗe ido ba, ta ce in juya ɗaya gefen.