Kifin da Baba Ya Ci a Bakin Gar

Idanu ne suka kawo Baba Faransa. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, har ya kai ba ya gane mutum sai ya ji murya, ya kuma daina zama a shagonsa na atamfa a Maradi. Ni ce ƴarsa ta fari, kuma ni ce mai wurin da zai sauka, can saman bene a Sevran, a gefen Paris. Na ɗauki hutu a gidan tsofaffin da nake aiki, yarana suka koma kwana a falo, muka ba shi ɗakinsu.

Mun fi wata guda tare. Ni nake riƙe masa hannu a matakalar jirgi, ni nake fassara masa abin da likita ya ce, ni nake ɗiga masa magani a ido safe da rana da yamma. Kullum sai na tuƙa masa tuwon masara da miyar kuka, don na san cikinsa bai saba da wani abu ba. Zai ci, ya wanke hannu, ya yi hamdala, ya koma kan dardumarsa. Baba yana kunyata irin kunyar da mutanen da suke yi wa ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son wani abu sai ya yi gyaran murya, ko ya ce "ke". Na san al'ada ce, ban kuma taɓa ɗaukar ta da zafi ba.

Ranar da aka cire masa bandejin ido na farko, ni ce a gabansa. Ya daɗe yana dubana, ni kuma ina jira. Can sai ya ce, "Ashe kin yi furfura." Daga nan ya tambayi hularsa.

Autarmu tana Lyon, tana aiki a wani kamfanin haɗa magunguna. Na girme ta sosai, don ni na goya ta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Kullum tana kiran waya, amma aiki bai bar ta ta zo ba. Da ido na biyu ya warke sai ta ce za ta zo ranar Asabar ta tafi da Baba ya yi mata sati guda. Muka yi za mu haɗu da tsakar rana a Gare de Lyon, gar ɗin Paris, wato tashar jirgin ƙasa mai zuwa Lyon, su juya a jirgin la'asar. Na tashi da wuri na yi dambun zogale na zuba a kula, don su ci a hanya.

Ta sauko daga jirgi da ƴar jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi a tsakiyar mutane, ta rungume ni. Da na nuna mata kular sai ta ce, "Yaya, ai da sauran lokaci. Mu tsallaka titi mu zauna, Baba ya ga gari."

Gidan abincin irin wanda Faransawa suke kira bistro ne, yana fuskantar gar ɗin. Na sha wucewa ta ƙofarsa, ban taɓa shiga ba. Teburan ƙanana ne, an matse su har kujerar wani tana gogar ta wani, an shimfiɗa musu takarda a madadin zane. Ko'ina akwatunan matafiya ne, kowa yana ci yana duban agogo. Baba ya tattara babbar rigarsa ya ratsa tsakani, mutane suna janye ƙafa suna kallonsa. Aka ba mu teburin jikin taga. Na tura kular ƙarƙashi, tsakanin ƙafafuna.

Mai kawo abincin wani dogo ne mai sanƙo, da baƙin ƙyalle ɗaure a ƙugu. Auta ta fara magana da shi kamar sun daɗe da sanin juna. Ta tambaye shi abin da babu alade a ciki, ta tambayi ko an zuba giya a romon kifin, ya ce zai sa a yi da man shanu da lemon tsami kawai. Ta faɗi wani abu ya yi dariya. Ni ma kullum Faransanci nake yi a wurin aiki, amma a irin wannan wuri sai harshena ya yi nauyi. Da ya juyo kaina sai na ce wainar ƙwai, don ita ce ta fara zo mini.

An rubuta abincin ranar da alli a jikin wani allo. Baba ya yi ƴar makarantar boko a ƙuruciya, sai ga shi yana karanta allon a hankali, harafi bayan harafi, yana murmushi. Ya duba ta taga ya karanta mana lokaci a babban agogon hasumiyar gar. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na buɗe baki zan yi magana. Sai na ga ya daina kallon waje, ya tsura wa Auta ido. Tana riƙe da kofin ruwa da hannu biyu. Ya kira sunanta, cikakke, ya ce, "Haka mahaifiyarku take riƙe kofi. Yau na ga fuskarki sosai. Ita ce sak."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin yadda ya kai mahaifiyarmu wani gidan abinci a Yamai suna sabon aure, aka ajiye mata cokali mai yatsu ta ƙi taɓawa, ta ce ita ba za ta ci abinci da abin tsefe kai ba. Ya yi dariya har yana share hawaye, ni kuwa ina so in ce masa kada ya taɓa idon. Ban taɓa jin labarin nan ba. Na san mahaifiyarmu shekaru da yawa, Auta ko muryarta ba ta iya tunawa, amma ita ake ba wa. Ni kamar Baba na ɗauko, dogon hanci da faɗin goshi, kuma ba wanda ya taɓa yi mini barka da hakan.

Aka kawo kifin da dafaffen dankali. Auta ta zare masa ƙaya. Ya ci a natse, ya ga mutumin teburin kusa yana shafe farantinsa da burodi, shi ma ya yi haka. Da ya gama sai ya jingina ya ce abincin nan ya yi daɗi, mai dafa shi ya san aikinsa. Na dubi wainar ƙwaina da ta huce. Duk tuwon da na tuƙa masa, iyakarsa hamdala.

Lokacin maganinsa ya yi, na fito da kwalbar daga jaka. Ya ɗaga mini hannu ya ce in bari tukuna, yana tsakiyar magana. Auta ta miƙo hannu ta ce in kawo ta sa masa. Nan take ya ɗaga kai sama ya buɗe ido kamar yaro mai jin magana. A wurina sai ya yi ta ƙorafi cewa maganin yana da zafi. Mai kawo abinci ya zo kwashe farantai ya yi tuntuɓe da kular, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya dube ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Auta da Baba suka raba wani kek na tuffa a faranti ɗaya, Baban da kullum yake ce mini sukari ba ya yi masa. Auta ta tura mini in ɗanɗana, na ce na ƙoshi.

Na raka su har bakin jirgi. Sai da jirgin ya tashi na lura kular tana hannuna. Na koma da ita Sevran, yara suka cinye dambun.

A satin nan na wanke ɗakin, na wanke labule, na koma aiki. In na kira su sai in ji hayaniyar titi da dariya a bayan muryar Auta. Da satin ya cika ba ta samu damar kawo shi ba, sai na hau jirgi na je ɗauko shi. Suka tarye ni a Part-Dieu, gar ɗin Lyon, Baba yana gaba yana tafiya shi kaɗai ba mai riƙe shi. Suka kai ni wani ƙaramin bistro a bayan gar ɗin, ashe nan suke cin abincin rana kusan kullum, don yana kusa da wurin aikinta. Mai wurin, wata dattijuwa mai gajeren gashi, ta hango shi ta ce ga papa nan, ta janyo masa kujerar da ta ce tasa ce. Da kansa ya nemi kofi da Faransanci. Ya nuna ni da haɓa ya ce mata wannan ita ce babbar. Matar ta ce ba ta san yana da wata ƴa ba. Wataƙila ba ta nufin komai, amma maganar ta zauna mini.

Da Baba ya tashi wanke hannu, na ce wa Auta cikin wasa ta lalata mana tsoho. Ta ce ba yadda za ta yi ne. Daren farko ta gwada tuƙa masa tuwo ya yi gudaji, ya ci haka nan, ita kuma kunya ta hana ta sake gwadawa. Ta roƙe ni in kwana, na ce yara suna jirana. So nake ta ce ya yi ta tambayata, ko ya ce yana kewar miyata. Ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta riƙe hannuna a kan tebur ta ce, "Yaya, kin sha wahala da shi, Allah ya biya ki." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. Sai dai ba daga bakinta nake son ji ba.

A jirgin dawowa ya zauna jikin taga yana kallon gonaki. Ya ce shanun ƙasar nan ba su da tozo, ya ce ciyawarsu ta yi yawa. Daga nan barci ya ɗauke shi, kansa ya karkato a hankali har ya sauka a kafaɗata. Rabon da jikinsa ya taɓa nawa haka, ban da riƙon hannu na makanta, ban ma iya tunawa. Ban motsa ba har muka shiga Paris, duk da hannuna ya mutu. Amma ko a lokacin, abin da nake tunani shi ne ko haka ya kwanta a kafaɗar Auta ranar da suka tafi.

Bayan ya koma Maradi na kira Gwaggo, ƙanwarsa da take zaune kusa da shi. Ta ce ya koma shago, yana gane kowace atamfa daga nesa, kuma duk wanda ya zo yi masa barka sai ya sha labarin Lyon da kifin Turawa da matar da ta ware masa kujera. Na yi ta zagaye-zagaye, na tambayi lafiyar kowa, kafin na ce ko yana maganar zamansa a wurina.

Gwaggo ta ce, "Yana yi mana. Ya ce kin fi likitan tsanani, ko sosa ido ba ki bari ya yi."

Ta yi dariya, ni ma na taya ta. Na ce ta tuna masa ya riƙa sa baƙin tabarau in zai fita rana, kada ya ce ya warke. Ta ce za ta faɗa masa, amma ba ta yi alkawarin zai ji ba.