Garin da Auduga ke Tsinke Kanta

'Yata ta dawo hutu daga jami'a da wani littafi wanda in aka jefi jaki da shi sai ya durƙusa. Wai tarihin labaran almara ne, da waɗanda suka fara ƙirƙiro dodanni da garuruwan da babu su a duniya. Ta nace sai na faɗa mata inda namu suka samo asali. Ni kuwa na wuni a gona, ƙuguna kamar na aro. Na ce mata asali guda na sani, a tsakar gidanmu can bayan Malumfashi.

Lokacin ɗibar auduga, bayan isha'i, Kaka kan zauna bakin murhu tana kaɗi da mazarinta, mu jikoki muna cire mata angurya daga cikin audugar. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Hannu ya tsaya, labari ya tsaya.

"Kai maigida," haka take tsokanata, "miji rago, ko goro ba ka taɓa saya mani ba, sai son labari."

Tatsuniyarta guda ce, ta wata mata da ta zurma ramin gafiya ta ɓulla wani gari. A can auduga ke tsinke kanta ta shige buhu, rijiya kuma ta biyo mutum har ƙofar ɗaki. Kullum garin sai ya ƙara wani abin mamaki. Daga nan sarkin aljanun garin ya ce wa matar ta zaɓa: ta zauna ta huta har abada, ko ta koma wa 'ya'yanta. Daidai nan muryar Kaka ke yin ƙasa, mazari ya suɓuce, ta fara minsharin da ake ji har Kafur.

"Kaka, me ta zaɓa?"

"Gobe, maigida. Ita ma matar ta gaji."

Na cire anguryar da za ta cika tirela, ban ji ƙarshen nan ba, har Allah Ya yi mata rasuwa.

Sai da na yi furfura na tambayi Gwaggo, autarta. Ta yi dariya har da tari.

"Wane ƙarshe? Ai ba gadon labarin ta yi ba. Abin da ya ba ta wuya da rana, shi take kaiwa garin da dare. Ranar da igiyar guga ta yanke ta a hannu, ran nan rijiya ta fara tafiya."

Ban san wanda ya fara wannan sana'a a ƙasar Larabawa ko ta Turawa ba, amma ina kyautata zaton gajiyayye ne kamar Kaka. Na daɗe ina jin haushin ta tafi da amsata. Yanzu da nawa ƙasusuwan suka fara ƙara, na gane ban lura ba ne. Kowace asuba, kana buɗe ido za ka tarar da ita a durƙushe tana hura wuta, tana dama mana kunu.