Yaya Rabi da Tumatirin da Na Kusa Kashewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi, malamar kimiyya a wata lakwal ta nan Yamai. Allah Ya jiƙan ta. Ɗalibanta a aji suke tuna ta, ni kuwa a garka.

Shekarar babban farin nan ce, zamanin soja, da aka ce kowa ya duƙufa ga noman rani. Dangi sun baro ƙauyenmu na jihar Tawa sun cika mini gida a unguwar Wadata, yara da tsofaffi, ga hatsi ya yi ƙasa. Na samu ƴar garka a bakin kogi na dasa tumatir da shu, wato kabeji, gidan duka muka zuba mata ido. Da takin zamani ya shigo hannuna, sai wayona ya ce mini in kaɗan yana amfani, mai yawa ai sai abin da ya ƙaru. Na tula shi a gindin kowane dashe.

Kwana biyu, ganye ya langaɓe, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Hankalina ya tashi, na garzaya wurin Yaya ina cewa baki aka yi mini.

"Haba Isufu, wa ya damu da kai balle ya yi maka baki?" in ji ta.

Ta yanka albasa, ta barbaɗa mata gishiri, ta ce in zauna in kalla. Can sai ga ruwa ya tsattsafo. Ta ce jikin kowane abu mai rai ƴan mitsi-mitsin ɗakuna ne, kowanne da siririyar fata da ruwa ke ratsawa, kuma ruwan yana bin ɓangaren da gishiri ya fi yawa.

"Taki ma gishiri ne. Yanzu ƙasarka ce ke shan shukarka."

Muka kwashe takin da hannu, muka yi ta kwarara ruwa don ya wanke saura. Kwana uku tana tashi daga lakwal ta ɗaura ɗamara, tana jido daga kogi tana yi mini tsiya. Rabin dashen ya mutu, rabi ya miƙe, kuma shi ya riƙe gidan har damina.

Yanzu jikata Balkisa tana haddace wannan darasi daga waya, da dogayen kalmomin Faransanci, ba ta san me suke nufi ba. Da Yaya na nan, wallahi sai ta ƙwace wayar ta tura ta madafa.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar dukiya ba. Amma a waccan shekarar ta fari ba mu binne yaro ko ɗaya ba, kuma yau duk magidanta ne. Ni dangi suka yi ta sa wa albarka, ni kuma kunya ta hana ni cewa aikinta ne. Ita ma har ta koma ga Allah ba ta tona ni ba. To, yau na faɗa. Na gode, Yaya.